Ranar da Issa Guduma Ya Ɗaure Hannunsa

Issa ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma tun yana tatata na san hannunsa zai ja mana magana. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, sai Kawu Mani, yayan mahaifiyarmu, ya kwaso mu daga Matankari ya kawo mu Angwal Tsamiya, wani ƙauye a kan hanyar Dumega. A nan muka girma, a nan ni A'i na yi aure, kuma har yau a nan nake tuyar ƙosai a bakin kasuwa.

Yaro ne da ba ya gardama da baki. Kafin ka gama zaginsa ka riga ka kai ƙasa. A lakwal, wato makarantar boko, ya zubar wa wani ɗan mai gari haƙora, aka kore shi, Kawu ya je ya durƙusa aka mai da shi. A filin kokawa ba a daɗe ba aka hana shi shiga, domin in ya ga za a kayar da shi sai ya saki kokawa ya kai naushi. Daga nan aka laƙaba masa Guduma. Kawu yakan ɗaure shi a turken jaki ya zane shi da igiyar guga har sai bayansa ya fashe, in ya huce kuma ya zauna yana shafa masa man kaɗe yana faɗa. Da Issa ya zama saurayi ya karya wa wani ɗan kamisho muƙamuƙi a tashar Dogondutsi, aka jefa shi kaso. Tsohon nan ne ya riƙa hawa motar kasuwa yana kai masa fura a cikin ƙwarya, ana tsare shi a ƙofa ana yi masa dariya.

Da ya fito, ya tarar ana haƙa rami a gefen hanya za a binne fibir. Ya shiga cikin lebura. Fibir ɗin nan, ga wanda bai sani ba, igiya ce baƙa, a cikinta akwai zaren gilashi da bai kai gashin kai kauri ba, haske ne ke gudu a ciki yana ɗauke da maganar mutane. Wani daga cikin ma'aikatan ya lura Issa na iya karanta Faransancin da ke jikin kayan aiki, ya jawo shi ya fara koya masa haɗa zaren in ya tsinke. Na yi dariya har da hawaye da na ji. Mutumin da ke fasa ƙwarya in ya zo wanke ta, shi za a ba gilashi? Ya kuwa fasa da yawa. Amma ya koya. Ya taɓa gaya mini cewa zaren ba ya haɗuwa in ranka a ɓace yake, dole ka riƙe numfashi ka jira hannunka ya daina rawa. Abin da igiyar guga ta kasa, gilashi ya yi. Aka ba shi aiki a Dogondutsi, da moto, wato babur, da jakar kayan aiki, yana kula da ɗakunan na'ura da ke ƙarƙashin kowace antan, dogon ƙarfen salula, daga can har ƙasarmu.

A birnin ne ya haɗu da wasu samari 'yan kasuwa masu zaman karatu bayan sallah. Ya bar gemu, ya ɗage wando, ya daina zagi. Na ji daɗi, ban ɓoye ba. Sai dai akwai Kawu. Shi ne mai kula da tsohuwar tsamiyar da ke bayan kasuwa, wadda mutanen dauri suka ce aljana Doguwa ke zaune a cikinta. Kowace shekara kafin shuka yakan tona ƙasa a gindinta, ya yanka baƙar kaza, ya zuba nono, ya rufe. Ni ina sallata, ba na zuwa wurin, amma ban taɓa jin cewa wannan ya cire shi daga zama kawuna ba. Issa ya ga ba haka ba. Wata rana ya zo ya zauna a zaure ya ce masa abin da yake yi shirka ne, kuma ba zai ƙara cin abin da aka dafa a gidan ba. Kawu ya ɗauki ƙwaryar furar da aka kawo wa baƙo ya kifa masa a ka. Ina tsaye na ga hannun Issa ya dunƙule ya tashi. Bai sauke shi a kan tsoho ba, a kan ƙyauren zaure ya sauke, ƙyauren ya tsage gida biyu. Ya fita fura na zuba daga gemunsa.

To, mu a nan, wanda ya shigo gari dole ya biya gidan da aka raine shi, ya gaisa, ya sha abin da aka miƙo masa. In ka wuce ba ka biya ba, kafin la'asar mata sun kai labarin rijiya, kuma an ɗauka ka tsine wa gidan ke nan. Issa ba ya iya shan furar, ba ya kuma iya wucewa a idon mutane. Sai ya zaɓi kada ya zo gaba ɗaya. Ɗakin na'urarmu yana kan tudu gabas da gari, ɗakin ƙarfe ne mai sanyi, a ƙarƙashin antan. In aikinsa ya taso yakan roƙi wani abokin aiki ya zo, ko ya ɗaga zuwa wani lokaci.

Bara ɓarayi suka tona fibir a wajen gari da zaton akwai jan ƙarfe a ciki. Suka sare ta da gatari, suka ga gilashi, suka yar. Rezo, wato layin salula, ya ɗauke kwana da kwanaki. A cikin kwanakin ne naƙuda ta kama Afra'u, matar Salman mai shagon atamfa, haihuwar ta zo a gicce. Aka yi ta neman ambilans, salula ba ta shiga. Suka ɗora ta a amalanke suka nufi Tibiri cikin yashi, ta cika a hanya da cikin a jikinta. Salman yaro ne mai kunya a da, ƙosaina yake saye kullum. Daga ranar ya koma wani mutum, ya kuma rantse a gaban jama'a cewa duk wanda ya sake taɓa igiyar nan sai ya ga jininsa. Ba wanda ya ce masa kul, domin kowa ya ga gawar.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwarmu ce, ƙarshen bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas. Da hantsi na ga mutane suna ɗaga salula sama suna juyawa. Rezo ya tafi. Ana cikin tsaki sai wani mai kaji ya ce ai da safe ya ga tsoho Mani yana tono a gindin tsamiya, da wuƙa a hannunsa. Fibir kuwa ta nan ta bi, turken sumuntin da ke nuna hanyarta yana dab da saiwar itacen. Kowa a garin nan ya san abin da Kawu ke tonawa a wannan lokaci na shekara, amma rabin masu cin kasuwa baƙi ne, 'yan garin kuma ranar suka ga dama suka manta.

Kafin in sauke kasko kasuwa ta watse ta koma gindin tsamiya. Na sami Kawu a ƙasa. Ga ramin ɗanye, ga wuƙa da jinin kaza a jikinta, kuma wannan ya ishe su shaida. Wani ya buga masa icen rumfa a gadon baya, wani ya taka masa hannu da takalmi, na ji ƙarar ƙashi. Salman ya shaƙe wuyan rigarsa ya ɗaga shi yana tambayarsa wa ya aiko shi, ina ya ɓoye igiyar. Kawu na cewa kaza ce, su tona su gani. Ba wanda ya tona. Liman Abdussalamu, wanda shekara da shekaru yake wa'azi a kan tsamiyar nan, shi ne ya kutsa ya rungume tsohon yana cewa su ji tsoron Allah, ba a hukunci haka. Aka finciko shi, dutse ya same shi a goshi, rawaninsa ya jiƙe. Ni ma na shiga ina ihu, wani ya mangare ni na faɗi a kan ƙaya. Da na ɗago sun ɗaure Kawu a jikin itacen da igiyar shanu, sun ce ba za su bari ba sai ya faɗi sunan abokan satarsa.

A nan na tuna. Ɗazu, bayan ɗaukewar rezo da kaɗan, na hangi moton Issa ya bi ta burtali, ta bayan gonaki, ya nufi tudu. Ko a ranar bai yarda ya ratsa gari ba. Na tashi na zura da gudu, matsamin ƙosai na hannuna ban ma sani ba.

Na same shi a durƙushe gaban na'urar. Wata doguwar akwati ce ta ƙarfe, an jera wasu faranti a cikinta a tsaye, su ake kira kart, kowanne da 'yar fitilarsa. Wani abu na ta ƙara kamar kukan gyare, fitilu kuma sun yi ja.

"Issa, tashi. Suna kashin Kawu gindin tsamiya. Sun ce shi ya yanke fibir."

Ya juyo, na ga fuskar da na daɗe ban gani ba. Ya miƙe, ya zaro wani ƙarfen buɗe murfin rami daga bayan ƙofa, ya kai bakin ƙofar. Wallahi na ji daɗi. A raina na ce yau Guduma zai yi amfani.

"Su wa da wa?" ya tambaya.

"Kasuwa duka."

Ya tsaya. Daga kan tudun ana hango taron, kamar tururuwa a kan ƙashi. Ya ciro salularsa ya duba, ya mayar. Ba hanyar kiran jandarma, abin da zai kira su da shi shi ne ya mutu a bayansa.

"Yaya, in na tahi da ƙarhen ga, in kashe wani, su kashe ni, su ida shi. Ba mai jin magana yanzu. Amma kowa da salula cikin aljihu nai. In ta yi kuka sun san ba a yanke komi ba."

"In kuma an yanke?"

"Shi za ni dubawa."

Ya jingine ƙarfen. Ya koma ya durƙusa, ya ɗauko wata 'yar igiya mai maɗauri, ya ɗaura a wuyan hannunsa na dama, ya maƙala ɗaya bakin a jikin akwatin. Daga baya na ji cewa ƙa'idar aikin ce, don kada wutar da ke jikin mutum ta ƙona kart. A lokacin abin da na gani kawai shi ne ƙanena ya ɗaure kansa a turke kamar akuya, ana kashe wanda ya raine shi.

Ya zare wani siririn zare mai ruwan ɗorawa daga gaban kart ɗin, ya soka shi a wata 'yar na'urar awo. Ya dubi lambar da ta fito.

"Haske na isowa daga Dogondutsi. Igiya lahiya lau take. Ciwon nan ciki yake."

"To taho ka hwaɗa musu."

"Su yarda da ɗan da ya raina? Bari in gama."

Ya bi fitilun da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ya ce duk kukan banza suke, guda ce ta faɗi sauran suka kama makoki. Ya taɓa kart ɗin tsakiya ya janye hannu, ya yi zafi kamar murfin tukunya. Akwai sabo a jakarsa, na gan shi a cikin leda mai ƙyalli. Na ce to sa mana. Maimakon haka sai ya sunkuya ƙasan akwatin ya jawo wani faranti mai fankoki. Babu wadda ke juyawa. Zanzaro ya yi gini a cikinsu, ɗaki a kan ɗaki, laka ta bushe ta riƙe fukafukan gam.

"In na sa sabo hakanan, shi ma ƙonewa zai yi," ya ce. Ya ɗauki sukudireba ya fara kankare lakar. Can, ba tare da ya dube ni ba, ya ƙara da cewa, "Tun watan jiya take nuna rawaya. Ina ganin ta daga biro, can wurin aiki."

Rawaya ita ce fitilar da ke cewa na'ura ba ta da lafiya amma ba ta faɗi ba, shi da kansa ya taɓa koya mini. Na ce, "Ka gani, mi ya hana ka tahowa?" Ya ci gaba da aikinsa, ni kuwa na riga na san amsar. Ƙwaryar fura ce ta hana shi.

Iska ta kaɗo daga yamma ta kawo mana ihun taron, irin ihun da ake yi in an kayar da sa. Ban san lokacin da na ɗaga matsamin ba. Na zabga masa a baya, na ƙara, na ƙara. Na kira shi matsoraci, na kira shi butulu, na ce gemun banza. Bakin wayar matsamin ya kama kunnensa ya tsaga, jini ya biyo wuyansa. Issa Guduma, wanda ba a taɓa ɗaga masa yatsa ya bari ba, bai ko kare kansa ba. Abin da ya yi kawai, ya karkatar da kai gefe don kada jinin ya ɗiga a kan na'ura, ya ci gaba da kankarewa. Hannunsa ko rawa ba ya yi. Na tsane shi a lokacin nan fiye da yadda na tsani Salman.

Ya busa fankokin, ya juya su da yatsa, ya mayar, suka ɗauka. Ya kwance mataccen kart ɗin, warin ƙonewa ya cika ɗakin. Ya zura sabon a hankali har ya zauna, ya goge bakin zaren da wani ɗan ƙyalle, ya mayar da shi. Fitila ta fara ƙiftawa. Na ce an gama? Ya ce sai ta farka da kanta, ba a yi mata gaggawa. Muka tsaya muna kallon wata 'yar fitila da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ihun ya lafa, ya sake tashi. Issa na motsa baki, ban san ko addu'a yake yi ba.

Ta koma kore. Sauran suka bi ta, kukan gyaren ya tsaya. Ya fizge igiyar daga hannunsa, ya kira jandarma, ya kira ambilans, ya dunƙuli lakar zanzaron ya zuba a aljihu. Muka hau moto, wannan karon ta tsakiyar gari.

Tun kafin mu isa na fara jin su. Salula ce ke kuka, ba ɗaya ba, ta kowa, saƙonnin da suka taru tun hantsi suna shigowa lokaci guda. Wata na kiɗa, wata na karatu, wata na kukan jariri. Mutane sun yi cirko-cirko, sanda a hannun dama, salula a hagu. Ba wanda ya yi musu bayani, ba su kuma bukata ba. Igiyar da aka yanke ba ta kawo kira. Na baya suka fara sulalewa. Wani ya tona ramin da ƙafa, ga baƙar kaza nan da ƙasa a gashinta.

Kawu na rataye a jikin igiya, kansa ya faɗo a ƙirji. Ido ɗaya ya rufe, rigarsa ta manne da jiki. Liman na zaune a ƙasa kusa da shi yana riƙe da goshi. Issa ya yanke igiyar da wuƙar kazar, ya tarbe shi, ya zauna da shi a cinya. Tsohon ya buɗe idon da ya rage, ya daɗe yana kallonsa.

"Issa na?"

"Ni na, Kawu."

"Ka shigo gari." Ya ja numfashi, jini na kumfa a bakinsa. "A'i, tahi gida a dama mai hura."

Salman bai gudu ba. Yana tsaye inda yake, da icen a hannunsa, salula na ta kuka a aljihun rigarsa bai ɗauka ba. Issa ya kwantar da Kawu a jikina ya miƙe ya nufe shi. Waɗanda suka san Guduma suka ja da baya, ni kuwa na so ya fasa masa kai, ba zan yi ƙarya ba. Ya kama hannun Salman, ya ɓamɓare icen ya yar, ya buɗe tafin, ya zuba masa lakar nan a ciki.

"Ga ɓarawonka," ya ce. "Zanzaro na. Da ni da na bar shi ya yi gini."

Ya rufe yatsun Salman a kan lakar ya matse, har ta niƙe ta zubo ta tsakaninsu. Ya sake shi. Salman ya zauna a ƙasa ya fara kuka kamar yaro.

Ambilans ta zo, tunda yanzu ana iya kiranta. Kawu ya cika kafin mu hau kwalta.

Jandarma sun kwashi waɗanda suka kwasa, Salman na kaso har yanzu. Mutane suna yabon Issa, wai ya yi hankali, wai da ya fito da ƙarfe da gawa ba za ta tsaya a ɗaya ba. Wataƙila. Ni na yi ta juya abin, wata rana in ga gaskiyarsa, wata rana in ce da ya bar fankokin nan ya zo, ko da duka za mu mutu, aƙalla Kawu zai gan shi yana tahowa. Ban taɓa tambayarsa abin da shi yake gani ba. Bai canza ra'ayinsa a kan tsamiya ba, ni ma ban nema ba.

Abin da ya canza shi ne, yanzu ko rawaya ce ta ƙifta a tudunmu, ko rana na tsaka, ko ruwa ake yi, sai ga shi. Ta babbar hanya yake shigowa. In ya zo daidai tsamiya ya kashe moto ya tura shi da ƙafa har ya wuce. Ya hau tudu ya yi aikinsa, ya sauko ya yi sallama a zauren nan mai tsagaggen ƙyaure, inda na koma da zama. Tabon matsamina na nan a kunnensa. Ba ma yawan magana. Nakan dama fura a ƙwaryar Kawu in miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye duka.